Yadda Ake Gwajin Motsi, Girgiza da Zafi a Gida da Zare, Noti da Butar Shayi

Ɗalibi yakan haddace dokokin Newton guda uku tun yana ajin farko na babbar sakandare, ya zubo su tiryan-tiryan a takardar jarrabawa, amma in ka miƙa masa zare da agogo ka ce ya auna maka wani abu, sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne. A makarantu da dama ba a buɗe ɗakin gwaje-gwaje sai jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, a lokacin kuwa kowa hankalinsa yana kan maki. Alhali Fiziks ilimin awo ne, kuma gani ya kori ji. Lokacin da Galileo na ƙasar Italiya yake bincike kan faɗuwar abubuwa, ba shi da agogon da ke ƙirga daƙiƙa. Ruwa yake bari ya tsiyaya daga mazubi, ya auna nauyinsa, ya san tsawon lokacin da ya wuce. Wayar da ke aljihunka ta fi duk kayan aikinsa.

Gwaje-gwajen da ke tafe za su yiwu a tsakar gida, ko a unguwar Yalwa kake ko a Fadamar Mada a nan Bauchi. Ka bi su a jere yadda suka zo, domin motsi da girgiza da zafi da littafi ya raba su babi-babi labari ɗaya ne: makamashi ne ke sauya kama, kuma duk inda ya zaga, a zafi yake ƙarewa.

Kayan da za ka tanada

Ka nemi zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, irin na masu ɗinkin takalmi, kamar mita 3. Ka je wurin bakanike ka roƙi manyan noti guda uku da ƙwayar boris ɗaya. Sai tef ɗin ƙarfe na kafinta, don na tela yakan miƙe in ya tsufa. Sai katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 2, rula, robar ɗaure kuɗi, alli, gwangwanin madara guda biyu iri ɗaya, da waya mai agogon ƙirga daƙiƙa. Abin da kawai zai ci kuɗi shi ne ma'aunin zafi. Kada ka ɗauko na asibiti, don iyakarsa digiri 42, ruwan zafi zai lalata shi. Ka nemi na ɗakin gwaji wanda ke kaiwa digiri 110 a wurin masu sayar da kayan makaranta, ko na lantarki mai tsinken ƙarfe. Idan ku huɗu ko biyar ne, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya.

Littafin rubutu ma dole ne. Duk abin da ka auna ka rubuta nan take, da kwanan wata, ko da kana ganin lambar ba ta yi kyau ba.

Mataki na farko: abin da ke tsaye da abin da ke gangarowa

Ɗora guntun kwali a bakin kofi, ka ɗora noti a tsakiyarsa, ka ɗalle kwalin da yatsa da sauri. Kwalin zai tashi, notin ya faɗa cikin kofi. Dokar Newton ta farko ke nan, wadda ya wallafa a 1687: abu ba ya sauya halinsa na tsayuwa ko na tafiya sai wani ƙarfi ya taɓa shi. Ita ce ke tura fasinja gaba idan mai Keke Napep ya taka birki ba zato. Doka ta biyu ɗan garuwa ya san ta a jikinsa, don kura cike da jarkoki ba ta tashi da turin da babu-komai ke tashi da shi. Ta uku kuwa, hura balan-balan ka sake shi: iska ta yi baya, shi ya yi gaba. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani.

Gangara ce ke buƙatar natsuwa. Ka kafa siraran itace biyu a kan katakon, ko ka tsaga bututun roba biyu ka ɗaure a kai, don ƙwayar boris ta sami hanya. Ɗaga kai ɗaya da littafi, kamar santimita 5 zuwa 10, kada ya fi haka. Yi alama da alli a wurin farawa, a santimita 50, da kuma a mita 2. Riƙe ƙwayar da rula a wurin farawa, ka janye rular ba tare da ka tura ta ba, abokinka ya auna lokacin da ta kai alamar santimita 50. Ku yi sau biyar, ku tara, ku raba da biyar. Sai ku sake yi zuwa alamar mita 2.

Kafin ku auna na biyun, kowa ya faɗi hasashensa. Yawanci za su ce tunda nisan ya ninka huɗu, lokacin ma zai ninka huɗu. Agogo zai ce ninki biyu kacal. In na farko ya ba da daƙiƙa 2.4, na biyu zai zo kusa da 4.8. Dalili kuwa ƙwayar ba da gudu ɗaya take tafiya ba, kowace daƙiƙa tana ƙara sauri a kan wanda take da shi. Don haka in lokaci ya ninka 2 nisa zai ninka 4, in ya ninka 3 nisa ya ninka 9. Wannan shi ne abin da Galileo ya wallafa a 1638, kuma a kansa aka gina duk lissafin ƙaruwar gudu da ke cikin littafinku.

Mataki na biyu: lilon zare, da auna jan da duniya ke yi

Nan ne zan fi daɗewa, don a ganina babu gwajin da ya kai wannan koya wa mai farawa yadda ake awo. Da zare da noti za ka fitar da lambar nan 9.8 da kake gani a allo kullum, da hannunka.

Fara da wurin ratayewa. Ƙusa a saman ƙofar ɗaki ta isa, ko reshen darbejiya in babu iska. Cikin ɗaki ya fi, musamman da hunturu, kuma a kashe fanka. Kada ka naɗe zaren a jikin ƙusa kawai, don wurin da yake lanƙwasa zai riƙa sauyawa yana lilo. Ka tsaga ɗan itace, ka sa zaren a tsagar, ka matse da roba, ka ɗaure itacen a ƙusar. Ta haka ka san daidai inda zaren ya fara, kuma za ka iya ja ko sassautawa don sauya tsawo. A ɗaya bakin ka ɗaure noti.

Yanzu auna tsawo. Daga ƙasan tsagar itacen za ka auna zuwa tsakiyar notin, ba zuwa ƙullin zare ba. A nan mutane da yawa ke zamewa. Kuskuren santimita 1 a cikin mita 1 zai karkatar da amsarka da kashi 1 cikin 100. Saita shi ya zama mita 1 cif, kuma ka auna yana rataye, notin ya ja zaren ya miƙe.

Ja layi da alli a ƙasa ko a bango daidai inda notin yake tsayawa in ba ya motsi. Ja notin gefe kaɗan, santimita 10 zuwa 15, ka sake shi a hankali. Kada ka wurga. In ka ga yana zana da'ira maimakon ya bi layi ɗaya, tsayar da shi ka sake farawa. Kai-komo ɗaya shi ne notin ya wuce layin allin zuwa dama, ya dawo ya wuce zuwa hagu, ya sake isowa layin yana nufin dama. Bari ya yi biyu ko uku ya daidaita, sannan lokacin da ya gitta layin ka danna agogo kana cewa "sifiri". Ba "ɗaya" ba. Wanda ya fara da "ɗaya" zai ƙirga 19 yana zaton 20 ne. Ka ci gaba har kai-komo 20, ka tsayar da agogo.

Me ya sa 20? Yatsan mutum yakan makara da kusan daƙiƙa 0.2 wajen dannawa. In kai-komo ɗaya ka auna, wanda bai wuce daƙiƙa 2 ba, wannan makarar ta ci kashi 10 cikin 100 na awon. In ka auna 20 a dunƙule, kusan daƙiƙa 40, makarar ba ta kai kashi 1 ba. Wannan dabarar ta tara abu ƙarami da yawa a auna a raba za ta yi maka amfani har jami'a. Da ita ake auna kaurin takarda ɗaya da rula: a auna 100 a raba.

Yi awon sau uku, ka ɗauki matsakaici, ka raba da 20. Abin da ya fito shi ne lokacin kai-komo ɗaya, wanda ake rubutawa T. Tsawon zare a mita kuma L. Lissafin g, wato jan da duniya ke yi, shi ne:

g = 39.5 × L ÷ (T × T)

A ce ka sami daƙiƙa 40.2. Raba da 20, T ya zama 2.01. Ninka shi da kansa, 4.04. Raba 39.5 da 4.04, ka sami 9.78. In naka ya fito 9.6 ko 10.0, ka yi ƙoƙari, kuma shi za ka rubuta. Kada ka gyara lamba don ta yi kama da ta littafi. Ka koma ka duba tsawon zaren da ƙirgenka, a ɗayansu matsalar take.

Ma'anar lambar ita ce duk abin da ke faɗowa, in iska ba ta tare shi ba, gudunsa na ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Wato kusan kilomita 35 a awa ake ƙara masa duk daƙiƙa ɗaya. A daƙiƙar farko zai faɗi mita 4.9, cikin daƙiƙa biyu kusan mita 20. Kuma lambar ba ɗaya ba ce ko'ina. A ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya ta kai 9.83, a kan layin da ya raba duniya biyu 9.78 ce. Bauchi tana kusan digiri 10 arewa da wannan layin, saboda haka 9.78 ce tamu. Da lilo aka fara gano wannan bambancin: a 1672 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya kai agogon lilo daga Faris zuwa Cayenne a Kudancin Amurka, ya tarar agogon yana makara da kusan minti biyu da rabi kowace rana.

To, sai tambayoyi uku da za ka yi wa lilon, ɗaya bayan ɗaya, kana sauya abu ɗaya tak kowane karo.

Nauyi. Ƙara noti biyu a kan na farko, ka sake auna tsawon zuwa tsakiyarsu ya koma mita 1. Lokacin ba zai sauya ba. Wannan yakan ba ɗalibai mamaki, har wasu su ce a sake. A sake ɗin. Abu mai nauyi duniya ta fi jan sa, amma kuma ya fi wuyar motsawa, biyun suka cinye juna.

Faɗin lilo. Ja shi santimita 5, sannan 15. Lokacin ɗaya ne. Amma in ka ja shi sosai, kamar rabin mita ko fiye, zai fara ɗan tsawaita, shi ya sa aka ce a tsaya a ƙaramin ja. Wannan halin na lilo ne ya sa Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogon lilo a 1656, kuma kusan shekara 270 babu agogon da ya fi irinsa daidaito.

Tsawo. Shi ne mai iko. Rage zaren zuwa santimita 80, 60, 40, kana auna kai-komo 20 a kowanne. Lissafi ya nuna za ka sami kusa da daƙiƙa 35.9, 31.1 da 25.4. A santimita 25 kuwa kai-komo ɗaya daƙiƙa 1 ne, rabin na mita 1. Ka lura, sai da ka rage tsawon zuwa kashi ɗaya cikin huɗu kafin lokacin ya ragu da rabi. Ninki huɗu da ninki biyun nan da ka gani a gangara ne suka sake fitowa.

Idan kana shirin jarrabawa, ɗauko takardar giraf. Sa L a layin kwance, T × T a layin tsaye. Ɗigon za su jeru a miƙaƙƙen layi da ya nufi sifiri. Ja layin da ya fi ratsa tsakiyarsu, ba wanda ya haɗa ɗigo da ɗigo ba. Zana babban kusurwa-uku a jikin layin, raba tashinsa da kwanciyarsa, za ka sami kusan 4.04. Raba 39.5 da wannan, g ta sake fitowa, kuma wannan ta fi ta awo ɗaya inganci don tsawo huɗu ko biyar ne suka haɗu suka ba da ita.

Mataki na uku: daga lilo zuwa sauti

Kada ka kwance lilon tukuna. Ɗaure igiya tsakanin kujeru biyu, ta ɗan yi sako-sako. Rataya lilo biyu masu tsawo ɗaya a jikinta, tazarar taƙi ɗaya ko biyu. Tsayar da ɗaya cik, ka kaɗa ɗayan. Zuba ido. Sannu a hankali wanda ka kaɗa zai yi sanyi har ya kusa tsayawa, na tsayen kuma ya ɗauka. Can sai su sake musanya. Yanzu gajarta ɗayansu zuwa rabin tsawonsa ka sake gwadawa: na tsayen zai ɗan yi rawa kawai, ba zai ɗauka ba.

Kowane abu yana da saurin girgizar da ya dace da shi, kuma in aka riƙa tura shi daidai da wannan saurin, ƙaramin turi sai ya taru ya zama babba. Yaron da ke tura ƙaninsa a lilo ranar Salla ya san lokacin da zai sa hannu. Haka madubin keke yakan kama kakkarwa a wani gudu na inji, in an ƙara wuta ya daina. Haka gilashin taga ke amsawa in babbar mota ta wuce. Masu gina gada da dogayen benaye suna lissafa wannan tun kafin a haƙa tushe.

Sauti ma girgiza ce, sai dai ta fi ƙarfin ido. Danne rula a bakin tebur da tafin hannu, santimita 25 a waje, ka ɗalle ta. Za ka ga kaɗawarta. Ja ta ciki saura santimita 10, ka sake: ido ba zai bi ba, amma kunne zai ji ƙara. Ƙara ja ciki, muryar ta ƙara sirancewa. Ana auna wannan da yawan girgiza a daƙiƙa, a rubuta Hz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga 20 zuwa kusan 20,000, kuma saman yana raguwa da shekaru. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa taransfoma ke wannan gurnanin da ba ya sauyawa.

Miƙa robar ɗaure kuɗi a bakin gwangwani ka kaɗa. Ja ta ta ƙara tauri, murya ta hau. Danne tsakiyarta ka kaɗa rabi, ta ƙara hawa. Sa mai kauri, ta sauka. Tauri, tsawo, kauri: da waɗannan ukun mai goge da mai garaya suke sarrafa tsirkiya. Mai kalangu kuwa in ya matse igiyoyin a hammata fatar ce ke ƙara tauri, murya ta tashi, in ya saki ta sauka, har kalangun ya bi hawa da saukar maganar Hausa.

Gudun sauti sai damina. Yana tafiyar kusan mita 340 zuwa 350 a daƙiƙa a iska, gwargwadon zafin gari, haske kuwa nan take yake isowa. Kana cikin ɗaki, in ka ga walƙiya fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce.

Mataki na huɗu: ina makamashin ya tafi?

Bar lilonka yana kaɗawa ka je ka dawo, za ka tarar ya tsaya. Makamashin da ka ba shi bai ɓace ba. Gogayya da iska da lanƙwasar zare sun mai da shi zafi, kaɗan ne ƙwarai har ba ka ji. In kana son ji, ɗauki guntun waya ta ƙarfe ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya da sauri kamar sau ashirin, ka taɓa wurin lanƙwasar da yatsa a hankali. Ya yi zafi. Ƙusar da kafinta ya gama dukanta ma haka.

Zafi shi kansa motsi ne na ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama abu. Ka ɗauke su kamar jama'a a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ana jajiberin Salla: kowa na motsi, kowa na gogar na kusa da shi, in turereniya ta tashi a baki ɗaya sai ta ratsa har ɗaya bakin ba tare da mutum ɗaya ya keta kasuwar ba. Ma'aunin zafi yana gaya maka ƙarfin wannan motsin ne. James Joule na Ingila shi ya auna alaƙar a shekarun 1840, ya sa nauyi yana saukowa yana juya filafilai cikin ruwa, ruwan ya ɗan ɗumama. Abin da za ka riƙe: da jul ake auna makamashi, kuma ana buƙatar kusan jul 4,200 don a ɗaga zafin ruwa lita 1 da digiri 1.

Gwada da butar lantarki, kuma in kai ƙarami ne babba ya tsaya a wurin. Juye ledar fiyawota biyu a ciki, lita 1 ke nan, nauyin kilo 1. Auna zafinsa, a ce digiri 30. Duba ƙasan butar ka ga wat nawa aka rubuta, a ce 1,500, wato jul 1,500 kowace daƙiƙa. Kafin ka kunna, yi lissafi. Daga 30 zuwa 98 digiri 68 ne. Ninka da 4,200, jul 285,600. Raba da 1,500, daƙiƙa 190, minti uku da 'yan kai. Kunna ka auna. Zai fi haka daɗewa, don jikin butar ma yana shan zafi, wani yana fita iska, kuma in wutar ta zo da rauni butar ba ta ba da abin da aka rubuta mata. Raba lokacin lissafi da lokacin agogo ka ga kashi nawa ya shiga ruwan.

Na ce 98 ban ce 100 ba. Digiri 100 na bakin teku ne. Birnin Bauchi yana sama da teku da kusan mita 600, iskar da ke danne ruwan ta fi sauƙi, don haka yana tafasa wajen digiri 98. A Jos, da ta kai kusan mita 1,200, wajen 96 ne. Ka tabbatar da kanka a tukunya a kan wuta: rataya ma'aunin cikin ruwan kada ya taɓa gindin tukunyar, ka riƙa rubuta zafin kowane rabin minti. Lambar za ta yi ta hawa, ruwa na fara tafasa ta tsaya cak. Ƙara wuta, ba za ta motsa ba. Zafin da kake ƙarawa yana tafiya ne wajen mai da ruwa tururi. Uwargida da ta rage wuta bayan miya ta tafasa ba ta rage saurin dahuwa ba, gas ta adana. Kuma ka kiyayi tururin, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi.

Wannan zafin da tururi ke kwashewa yana da yawa ƙwarai, kuma shi ne sirrin randa. Ruwa kilo 1 in zai bi iska a zafin ɗaki sai ya ɗauke kusan jul miliyan 2.4. Randa tana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa ta jikinta yana bushewa. A ce tana ɗauke da lita 20, kofi ɗaya, gram 200, ya bi iska. Ya tafi da jul 480,000. Raba da 84,000, wato 20 sau 4,200, ka ga ya isa ya sauke zafin ruwan da kusan digiri 6, in ba don zafin waje da ke sake shigowa ba. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ka gwada ƙarfinta haka: karanta zafin ɗaki, sannan naɗe kan ma'aunin da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka yi masa fifita minti biyu, ka sake karantawa. A watan Fabrairu ko Maris, da iska ta bushe ƙamas, bambancin kan wuce digiri 10. Ajiye lambar, ka maimaita a Agusta. Zai ragu zuwa 'yan digiri kaɗan, don iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Shi ya sa randa ta fi sanyi da rani, shi ya sa kuma gumin damina ba ya bushewa.

Hanyoyin tafiyar zafi uku ne, kuma gwajinsu ba wuya. Sa cokalin ƙarfe da muciya a ruwan zafi, bayan minti ɗaya taɓa kawunansu. Da asubar hunturu ƙofar ƙarfe ta fi ta katako sanyi a hannu, alhali in ka auna zafinsu ɗaya ne. Ƙarfen ne ke saurin janye zafin tafinka. Hanya ta biyu ita ce iska ko ruwa mai zafi ya tashi sama, mai sanyi ya maye gurbinsa, kuma saboda ita magina ke barin ƙaramar taga can kusa da rufi. Ta uku haske ne, wanda ba ya buƙatar komai a tsakani. Shafa wa gwangwani ɗaya baƙin tukunya, naɗe ɗayan da farar takarda, zuba ruwa daidai wa daida, rufe su, ajiye a rana da hantsi, ka riƙa aunawa duk minti goma har awa ɗaya. Baƙin zai tsere wa farin.

Zafi kuma yana faɗaɗa abu. Ƙarfe mai tsawon mita 12 yana ƙaruwa da kusan milimita 4 in zafinsa ya hau da digiri 30. Idan ka bi ta tsohon layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe zuwa Maiduguri, duba mahaɗar ƙarafunan ka ga 'yar tazarar da aka bari. Agogon lilo ma bai tsira ba: sandarsa ta ƙarfe in ta ɗumama da digiri 10 takan tsawaita, agogon ya riƙa makara da kusan daƙiƙa 5 a rana.

Mataki na biyar: lissafin birki

Wannan na takarda da biro ne, kuma shi ke haɗa duk abin da ya gabata. Makamashin abu mai tafiya shi ne rabin nauyinsa a kilo, sau gudunsa, sau gudunsa kuma. Ɗauki Keke Napep da fasinjojinsa a matsayin kilo 600, yana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a daƙiƙa. Rabin 600 shi ne 300, sau 10 sau 10, jul 30,000. In ya tsaya, duk wannan ya koma zafi a birki da taya, wanda ya isa ya ɗaga lita 1 na ruwa da digiri 7. Yanzu ninka gudun biyu ka sake lissafi. Jul 120,000 za ka samu, ninki huɗu. Birkin kuwa ƙarfinsa bai ƙaru ba, saboda haka nisan da keken zai ja kafin ya tsaya shi ma ninki huɗu ne.

Sai gangara. Makamashin abin da ke sama shi ne nauyinsa sau g sau tsayin, g ɗin nan da ka auna da zare. Tirela mai nauyin tan 30, kilo 30,000, tana saukowa daga tsaunin Jos ta nufo Bauchi. Duk saukar mita 100 tana sakin 30,000 sau 9.8 sau 100, jul miliyan 29.4. Raba wannan da 4,200, ka sake rabawa da digiri 70: ya isa ya kai ruwa lita 100 daga digiri 30 zuwa 100. In direba ya bar wa birki wannan aikin shi kaɗai, ƙarfen zai yi zafin da zai daina kamawa. Shi ya sa gogaggen direba ke sa ƙaramar giya tun kafin ya shiga gangara, inji ya riƙe motar, zafin ya bi ta lagireto da salansa ya fita. Tsakanin Jos da Bauchi saukar ta kai kusan mita 600. Ka ninka lissafin da shida ka ga lita nawa ke nan.